Bulon da Ya Ce A'a

Injin matsewa ya fara gurnani, Auta ta ƙura wa lambobin da ke hawa a fuskarsa ido, tana motsa leɓe kamar mai yi wa mara lafiya addu'a. Ɗan bulon kankaren da ke tsakanin faranti biyu na ƙarfe bai wuce a ɗauke shi da hannu ɗaya ba, amma digirinta kaf a kansa yake. Lambar ta hau, ta hau, sai ƙas! Gefen bulon ya tsage, tsakuwa ta zubo, lambar ta tsaya can ƙasa da inda ake so.

"Wannan ma ya tafi," in ji mai kula da ɗakin gwaji, yana share ɓaraguzan. "Sannu Injiniya. In ɗora na gaba?"

Babu na gaba. Wannan shi ne na ƙarshe a zubi na uku.

Auta tana shekarar ƙarshe ne a sashen injiniyancin gine-gine, kuma aikin bincikenta na kammalawa shi ne ta nuna cewa idan aka rage siminti aka cike gurbin da tokar garin katako, kankare zai ƙara ƙarfi. Haka ta rubuta a take da manyan baƙaƙe, haka ta rubuta a babi na ɗaya, ta kawo sunayen masana daga ƙasashe daban-daban da suka gwada suka samu. Ita ta ɗebo tokar da kanta daga bayan wurin masu yanka katako, ta tankaɗe, ta kwaɓa, ta zuba a mazubi, ta jiƙa bulon a tanki ta jira kusan wata guda. Sau uku tana wannan haƙilon. Duk sanda ta ƙara toka, ƙarfin sai ya ragu, babu ko kunya. Ga ranar kare aiki ta matso, ga Farfesa mai duba ta ya ce ta kawo babin sakamako kafin mako ya ƙare. In babu sakamako babu digiri bana, sai ta zauna ta maimaita shekara.

A ƙofar ɗakin gwajin ta ci karo da wani ɗan ajinsu da ake kira Dabara. Sunan bai faɗi a banza ba.

"Ya na ga kin yi zuru-zuru? Bulon ne?"

Ta nuna masa lambobin a wayarta. Ya duba, ya yi tsaki.

"Ke matsalarki kin cika tsoron Allah a inda ba a tambaye ki ba. Kin san amsar, ko ba ki sani ba? Masana sun riga sun faɗa. To ki taimaka wa injin mana! Ki ɗaga wannan, ki ɗaga wancan, ki bar ɗan karkacewa don kada ya yi kyau da yawa. Wa zai je ya tambayi bulon da ya riga ya farfashe?"

A yi wa Dabara adalci, ba shi ya ƙirƙiro wannan ba. Ɗaliban injiniya tun daga aji ɗaya sun saba da lissafin da amsarsa ke bayan littafi: in taka ta saɓa, kai ne ka yi kuskure, ka koma ka nemo inda ka kauce. A darasin gwaji ma kowa ya san lambar da ya kamata ta fito tun kafin a kunna na'ura, don haka wasu sukan fara daga amsar su yi lissafi da baya har su samo abin da ya kamata a ce sun auna. Shekara da shekaru mutum yana haka, ran da aka ce ya yi bincike na kansa sai ya ɗauka shi ma akwai amsa a bayan littafi. Auta ba ta taɓa yin lissafin da baya ba, amma ta yarda ɗari bisa ɗari cewa bulonta ya faɗi jarrabawa, ita ma ta faɗi tare da shi.

A gida ta tarar da yayanta a tsakar gida yana wanke babur. Ya dubi ƙurar da ta yi mata fari a siket ya kwashe da dariya.

"Injiniyar toka! Yaushe za a fara gina mana bene da shara?"

"Kai, rabu da ita," Umma ta ce daga ƙofar kicin. "Auta, ya aikin? Ya yi ƙarfin?"

"Ana kai, Umma."

Ta shige ɗaki ta buɗe kwamfuta. Kusa da layin lambobinta na gaskiya ta buɗe sabon layi, ta fara cikawa yadda Dabara ya ce. Abin ya zo da sauƙin da ya ba ta tsoro. Kafin a kira la'asar ga zane ya fito, layi yana hawa sama gwanin sha'awa, irin wanda ta yi wata da watanni tana mafarki. Ta zauna tana kallonsa. Ba ta goge ba, ba ta kuma tura wa Farfesa ba.

Washegari ne aka sa horon dabarun bincike da nazari ga 'yan shekarar ƙarshe, aka ce dole ne. Auta ta tafi tana ƙunƙuni, mutum yana fama da abin da ya dame shi an ce ya zo a koya masa karatu, kamar yau ya shigo jami'a. Ta samu kujera can baya ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, da niyyar ta sa hannu ta sulale.

Mai horon wata Dakta ce 'yar ƙarama mai tabarau, muryarta ta fi jikinta. Ba ta kunna majigi ba. Ta ce kowa ya rufe kwamfuta, wanda ta nuna ya tashi ya faɗi abin da yake bincike a jimla ɗaya. Na farko ya tashi ya yi ta zuba har sai da ta ɗaga masa hannu. Na biyu ya karanto taken aikinsa da Turanci mai nauyi, ta ce ya faɗa yadda kakarsa za ta gane, ya yi tsuru-tsuru, aji ya ɗauki dariya. Auta tana cikin sunkuyar da kai ta ji an ce, "Ke mai jan mayafi, can baya."

Ta miƙe. "Zan nuna cewa tokar garin katako tana ƙara wa kankare ƙarfi."

"Za ki nuna," Dakta ta maimaita. "Ashe kin riga kin sani. To me ya kai ki ɗakin gwaji, ɓarnar siminti?"

Aka yi dariya. Auta ta ji kamar ta nutse.

"Ba dariya na ce ku yi ba, rabinku haka kuka rubuta. 'Yata, wannan alkawari ne kika ɗauka, ni tambaya nake nema. Mayar min da shi tambaya."

Auta ta ce, "Shin tokar garin katako tana ƙara wa kankare ƙarfi?"

"Madalla. Kin gwada?"

"Na gwada. Sau uku."

"Me bulon ya ce?"

Auta ta ɗaga kai. Can ta hango Dabara yana girgiza mata kai a hankali. Amma ta gaji, gajiyar da ba ta bar mata ƙarfin ƙarya ba.

"Ya ce a'a," ta faɗa. "Duk ukun. Gwajin bai yi ba, Dakta. Ya lalace."

"Tsaya. Injin ne ya lalace?"

"A'a."

"Kin auna kayan daidai? Kin zuba wasu bulon da babu toka don ki kwatanta?"

"Na zuba. Su sun kai yadda ake so."

Dakta ta cire tabarau ta dubi ajin gaba ɗaya. "Kun ji? Ta yi tambaya, ta gwada sau uku, ta samu amsa iri ɗaya sau uku, tana tsaye tana ce min ya lalace. Ni nan na san masu digiri na uku da za su yi rawa in suka samu haka." Ta juyo kan Auta. "A'a ma amsa ce, 'yata. Abin da ya rage miki shi ne ki gano dalili. Waɗanda kika karanta suka samu ƙarin ƙarfi, yaya suka ƙona tokarsu?"

Gaskiyar magana, Auta ta karanta farkon kowace maƙala da ƙarshenta, ta kwafi zanen, tsakiyar kuwa inda ake bayanin yadda aka yi aikin ta tsallake, kamar yadda kowa ke tsallakewa.

"Buɗe ɗaya yanzu. Muna jiranki."

Ta buɗe a waya. Ga shi nan ƙuru-ƙuru a shafin da ba ta taɓa tsayawa ba: sun ƙona garin a tanderu na musamman da zafin da aka ƙayyade, suka niƙa tokar ta yi laushi kamar hoda. Ta buɗe ta biyu, haka. Tata tokar kuwa a fili aka ƙona ta, da gawayinta da komai, rariya kawai ta gani.

Da ta karanta wa ajin, Dakta ta ce, "To kin gani. Su sun tambayi tokar tanderu, ke kin tambayi tokar da magini zai iya ɗebowa a bayan layinsu. In wani ya ji labarin toka tana ƙara ƙarfi, wacce zai ɗebo?"

"Irin tawa."

"Kuma ke kaɗai a ɗakin nan kike da hujjar ce masa kada ya kuskura. Zauna. In an tashi ki je ki faɗa wa mai duba ki, da lambobinki yadda suke."

Sauran horon, yadda ake tace maƙaloli da yadda ake tsara lokacin karatu, Auta ta ji shi ne sama-sama. Wani abu da ya tokare mata ƙirji tun zubi na farko ya fara sassautawa, sai dai ba ta yarda ta saki jiki ba, don Dakta ba ita ke sa hannu ba. Farfesa ne, mutumin da ɗalibai ke canza hanya in sun hango shi.

Ta same shi a ofis bayan azahar, takardu sun yi masa katanga ta kowane gefe. Kafin ta ƙwanƙwasa sai da ta tsaya a baranda ta buɗe kwamfuta ta goge layin jiya. Ta shiga da sallama, ta ajiye masa lambobin, ta yi bayani a tsaye, tana jin muryarta kamar ta wata.

Farfesa ya jawo takardun gabansa. Ya bi lambobin da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, ya koma sama ya sake biyowa. Ya tsayar da biron a kan wata lamba.

"Wannan na zubi na biyun, me ya sa ya fi 'yan'uwansa faɗuwa?"

"Gefensa ya ɗan ɓantare wajen cirewa daga mazubi, ranka ya daɗe. Na ɗauki hotonsa."

"Ki sa hoton. Kada ki cire lambar, ki faɗi dalili." Ya jawo shafin farko, ya ja layi a kan taken da ta yi wata shida tana taƙama da shi, ya rubuta wani a sama, ya ƙare da alamar tambaya. "Babi na ɗaya zai canza, na biyu ki koma ki karanta maƙalolin nan tun daga farko har ƙarshe, ba irin karatunku ba. Sakamakon kuwa kada ki taɓa shi."

"Ranka ya daɗe... ba sai na sake zubi ba?"

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "Ki sake don me? Waɗanda nake sa su sake zubi a gabana su ne masu kawo min layi miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Kankare ba ya haka. Bana na kama uku." Ya miƙa mata takardun. "Naki mummuna ne, na yarda da shi. Ki shirya kare aikinki tare da 'yan ajinku. Rufe min ƙofa."

Ta rufe ƙofar a hankali, ta yi taku kaɗan. Ta zauna a kan matakala, ta rungume takardun, ta sauke ajiyar zuciyar da ta ji har cikin bayanta. Bana na kama uku. Ta tuna layin da ta goge a barandar nan ɗazu, tsigar jikinta ta tashi, sai kuma dariya ta kufce mata, hawaye na bin ta. Wasu 'yan aji ɗaya da ke hawowa suka raɓe ta gefe suna kallonta.

Ta lalubo waya ta kira gida.

"Auta? Lafiya? Ya yi ƙarfin?"

"Bai yi ba, Umma. Ko kaɗan bai yi ba."

Umma ta ce, "Inna lillahi. To ki yi haƙuri 'yar nan, shekara ɗaya ba ta kashe mutum. Ni zan yi wa babanku bayani, kada ki..."

"Umma, zan gama bana. Farfesa ya karɓa."

"Ya karɓi me? Ba kin ce bai yi ba?"

"Bai yi ba. Shi ya karɓa."

Ta ji Umma ta ajiye wani abu mai ƙara, kamar murfin tukunya. "Ke Auta, dariya kike ko kuka?"

"Duka biyun, Umma."

"To alhamdu lillahi," Umma ta ce. "Ni dai ban gane wannan boko naku ba. Taho gida ki ci abinci, rabonki da cin na kirki tun da kika fara kwasar tokar nan."