Ƙafar Baba Ta Sauya Murya

Ni dai kunnena ne ya jawo mini. Aikina duba fuka-fukan injinan nan da iska ke juyawa su ba da lantarki. Da zare ake yin su, falle bisa falle, a manne da gam, kuma in fallen ciki ya saki, daga waje sumul za ka gani. Sai mun manna na'ura mun ƙwanƙwasa da 'yar guduma, kwamfuta ta zana mana yadda abin ya girgiza. Mai lafiya da muryarsa, mai ciwo da tasa. Wanda ya daɗe a wannan aiki, ko ƙofa aka rufe sai ya kasa kunne.

Ƙafar roba da Baba ke sawa tun bayan hatsarin mota, ita ma da irin zaren aka yi ta. Na san takunsa a matakalar gidanmu kamar yadda na san tarinsa. Ranar da na je gaishe su shi da Mama da hantsi, yana saukowa sai na ji wani ɗan “ƙyas” yana bin kowane taku. Irin wannan zare ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake yi lokaci guda. Ga shi Baba mai fenti ne, a kan tsani yake wuni.

“Baba, ara mini ƙafarka.”

“Ke biyun da Allah ya ba ki ba su ishe ki ba?”

Mama ta leƙo daga kicin. “Ba ta kawai. Ka san 'yarka, in ta kafe ko jaki ya sallama mata.”

Ya shiga ɗaki yana mita, ya kwance ta ya miƙo mini ta bakin ƙofa. Na ɗauko kayan aiki daga mota, na rataye ƙafar a igiyar shanya don ta yi lilo ba abin da ya taɓa ta. Tun tana sabuwa na taɓa auna ta, don tsabar ƙaiƙayin hannu, kuma zanen yana nan a kwamfuta. Na ƙwanƙwasa dunduniya, na ƙwanƙwasa ƙauri, na sake, na kuma sakewa. Sabon zane ya hau kan tsohon kamar an tsaga kara.

Ƙafa lafiyarta ƙalau. Maimakon in yi murna sai haushi ya kama ni, don na tsani ƙarar da ban san uwarta ba. A wajen aiki, in fiffike ya fita da lafiya amma ƙara ba ta daina ba, mahaɗarsa da injin muke komawa. Na zura hannu cikin kwarmin da dungulmin ƙafarsa ke shiga. Sai na zaro safa a ninke. Na zaro wata. A can ƙasa har da guntun soso.

Kwarmin nan daidai jikinsa aka zuba shi. Ba ya ƙara faɗi da kansa, sai dai abin da ke shiga ya ragu.

Na yi sallama na tura ƙofa. Baba na zaune a bakin gado da singileti, bai kai ga jawo riga ba. Ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Ni da nake taƙama da kunne, ashe idona ne ba ya aiki.

“Baba, tun yaushe kake ramewa haka?”

“Rage murya.” Ya dafa ƙirji. “Abinci ne ba ya wucewa nan. Na ce bari in kammala fentin da na karɓa tukuna. Kada ki tayar wa uwarki da hankali.”

“Uwarta ce ke wanke safar,” in ji Mama daga bayana.

Na waiwaya. Har ta yafa mayafi, jakarta a kafaɗa, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

“Na yi magana har bakina ya gaji, kullum sai ya ce tsufa ne. Ke kuwa ba ya iya musu da na'urarki.” Ta miƙo mini makullin motata. “Ɗaura masa ƙafar, asibiti za mu.”