Muryar da Take Gaishe da Inna

Auta yana tsugune gaban wata ƙofar ƙarfe, gilashin walda a fuskarsa, sai ga yayarsa ta shigo shagon. Ba ta saba zuwa ba. Ta tsallake guntayen ƙarfe, ta tsaya har tartsatsin ya mutu.

"Sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Ashe ka shiryu."

"Da na yi me?"

"Inna ta ce kullum sai ka kira ta. Har abin da ta ci kake tambaya."

Ya ɗage gilashin. Rabonsa da kiran Inna, shi kansa ba zai iya cewa ga rana ba. Ba faɗa suka yi ba. Shi dai mutum ne da magana take yi wa nauyi a baki. In ya kira, gaisuwa biyu, sai shiru, sai ya ce kati zai ƙare.

"Ni ban kira ta ba."

"Na sani. Abin da ya kawo ni ke nan."

Ta zauna a bakin benci ta warware masa. Katin bankin Inna a hannun Yaya yake. Jiya Inna ta ce ta karanta mata lambobin da ke jikinsa, wai Auta ne yake so. Wai wayarsa ta faɗa ruwa, da sabuwar lamba yake kira.

"'Yan damfara ne," ta ce. "Yanzu akwai manhajar da take koyon muryar mutum. Bidiyon tallar ƙofofinka da kake ɗorawa a intanet, daga can suka kwasa. Na'ura ta saurara ta haddace. Duk abin da aka rubuta mata, da bakinka za ta faɗa."

Kamata ya yi ransa ya ɓaci. Ya lalubi fushin bai same shi ba. Wani abu ne daban ya tsaya masa a rai. A bidiyon nan ba abin da yake cewa sai "ƙarfe mai kauri, ba ya tsatsa, a zo a gani." To ta ina na'ura ta tono gaisuwa daga cikin wannan? Kuma yaya muryarsa take in ba shi yake riƙe da ita ba?

"Yaushe yake kira?"

"Da yamma, in rana ta yi sanyi."

"Har lokaci gare shi."

"Ya fi ka tsari, ai."

Ya kashe inji, ya wanke hannu, ya bi ta.

Ɗakin Inna yana nan yadda ya san shi. Fanka mai ƙara kamar tana gunaguni. Kujerar da ya taɓa yi wa walda a ƙafa ɗaya. Kwalbar man zafi a bakin taga. Abu ɗaya ne sabo: waya a kan matashi, jone da caji, kusa da hannun Inna kamar jaririn da ake jira ya farka.

"Yau kuma da ƙafa?" Inna ta ce. "Ba ka gajiya? Jiya fa muka sha hira."

"Inna, ba shi ba ne," in ji Yaya. "Wanda yake kiranki ba Auta ba ne."

"Ke kika haife shi ko ni?"

Ta gyara zama, ta miƙe ƙafafunta a ƙarƙashin mayafi.

"Tun ranar farko na sani. Ya gaishe ni, ya tambayi barci, ya tambayi maƙwabta, har ya ce me na ci. Na ɗaga wayar na dube ta, na ce wannan yaron kirki ne, amma ba nawa ba ne. Nawa kamar da awo ake sayar masa da magana."

Auta ya kalli ƙasa.

"To me ya sa kike ɗauka?" Yaya ta tambaya.

"Muryar ɗana ce. Wa zai ji muryar ɗansa ya kashe waya?"

"Lambobin fa?"

"Kullum sai na ce masa idona ba ya gani, sai gobe. Shi kuma goben sai ya kira. Amma jiya ya ce in ban karanto masa yau ba, ya daina kira ke nan."

"Kuma za ki ba shi?"

Inna ta ɗaga kai tana kallon fanka. "Ban ce zan ba shi ba. Ban kuma ce ba zan ba shi ba."

Nan Auta ya gane. Ba ruɗar ta aka yi ba. Da idonta buɗe take shirin sayen gaisuwa.

Yaya ta ce masana suna ba da shawara kowane gida ya ajiye tambayar sirri, wadda ɗan gida kaɗai zai iya amsawa. Duk wanda ya kira, a fara yi masa ita.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Inna. Ta juyo. "Auta, wace gwiwa ce take damuna?"

Ya dubi tudu biyu da ke ƙarƙashin mayafin. Iri ɗaya ne. Ya dubi Yaya, ta kau da kai.

"Wancan kam yana da amsa," Inna ta ce.

Wayar ta yi ƙara.

Inna ta ɗauka ta danna lasifika, kamar mai nuna wa baƙi abin da ta saya.

"Inna, ina wuni? Kin samu kin runtsa da rana? Yaya gwiwar hagun?"

Auta ya matso har gwiwarsa ta taɓa gado. Muryarsa ce sak. Da 'yar dusashewar da hayaƙin walda ya bar masa a maƙogwaro, da yadda yake jan ƙarshen kalma. Sai dai ba numfashi a ciki, ba ƙarar guduma a baya, sumul kamar ƙarfen da aka shafe da fenti don a ɓoye haɗi. Kafin kowace amsa akwai ɗan jinkiri. Ya hango wani a wani ɗaki, yatsu a kan maɓallai, yana rubuta wa uwar wani abin da ɗanta ya kasa faɗa. Ya so ya san ko mutumin yana kiran tasa uwar.

Hagu, ya ce a ransa.

"Inna, kin samo lambobin nan?" muryar ta ce, a tausashe.

Inna ta ɗago kai. Auta take kallo.

Ya ɗauki wayar. Ba zagi ne ya zo bakinsa ba.

"Kai, wa ya koya maka gaisuwar nan?"

Jinkiri. "Inna, ban ji ki sosai ba."

"Ba Inna ba ce. Mai muryar ne."

Layin ya katse.

Fanka ta ci gaba da gunaguninta. Yaya ta karɓi wayar ta toshe lambar, ta ce gobe da safe za ta sanar da banki. Inna ta dubi matashin da wayar ta bari wayam.

"To, ka kore shi," ta ce.

Auta ya tashi ya ɗauko kwalbar man zafi. Ya durƙusa, ya yaye mayafin daga gwiwar hagu, ya fara shafawa da hannunsa mai tabon ƙuna.

"Hannu da kaushi kamar magagari," in ji Inna. Amma ba ta janye ba. Ta bar shi ya murza, ya sake murzawa, har man ya shige.

"Ka gama?"

"Na gama."

"To koma ɗayar. Ita ce mai ciwon."

Ya ɗago. "Hagu ya ce."

"Hagu na ce masa. Baƙo ne, a kan me zan ba shi gwiwata ta gaskiya?"

Yaya ta yi dariya har ta dafa bango. Auta bai yi ba. Ya koma gwiwar dama. Tana da zafi, ta ɗan kumbura. Da ya taɓa ta tun da farko, da ba sai ya tambayi kowa ba.

Washegari da rana ta yi sanyi, ya ajiye guduma ya fita bayan shago da waya. Inna ta ɗauka tun kafin wayar ta gama ƙarar farko.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya. Wa ke magana?"

"Ni ne."

"Haka wancan ma yake cewa. Wace gwiwa?"

"Dama."

"To, ina jinka."

Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. A cikin shago wani yana yankan ƙarfe. Shirun ya yi tsawo, irin wanda a da yake yankewa da zancen kati.

"Kar ka kashe," in ji Inna. "Yi shirunka a nan. Shi wancan bai iya shi ba."

Ya jingina da bango, waya a kunne. Can ya ce, "Me kika ci?"