Kabari Mai Suna Uku

Ina tsugune a bayan kujera da kofin shayi a hannu lokacin da Kawu Idwal ya buga ƙofata karo na uku. Ba ranar na fara ba. Ƙato da ni, shekara hamsin da biyu, ga tumbi ga tabarau, ina ɓuyar wa maƙwabcina ɗan shekara tamanin da huɗu don kada a sake karanta mini tarihin zuriyar Prydderch. Abin da na manta shi ne, mutumin ya yi shekara arba'in yana raba wasiƙu a garinmu Aberhelyg, babu ramin wasiƙar ƙofar da bai san halinsa ba. Sai na ji murfin nawa ya ɗaga.

"Emlyn yarona, ga silifas ɗinka nan ina gani. Shayin ma bai huce ba."

Na buɗe ina cewa wani abu ne ya faɗi nake nema. Ya ce in na same shi in haɗo da makullin mota. Yana sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci, da jakar leda cike da takardu, amma fuskarsa ta koma launin kyandir. A nan bakin ƙofa ya gaya mini, kamar mai faɗin farashin kifi, cewa likita ya ce da wuya ya kai watan Yuni. Na fara haɗa kalmomin jaje, ya ɗaga hannu. Ba tausayi ya zo nema ba, direba yake so.

Buƙatarsa ɗaya ce, a binne shi a tsohuwar maƙabartar da ke kan tsauni a bakin teku, bayan coci. An daina haƙa sabon kabari a can tun kafin a haife ni, sai dai wanda ke da na dangi, kuma da sauran wuri a ciki. Na Prydderch yana nan, baƙin allon dutse mai suna uku: Kyaftin Tudur Prydderch, kakan mahaifin Idwal, da 'ya'yansa Huw da Gethin, Nuwamba 1883, watan da jirginsu ya nitse a teku. Rabaran Nesta, limamiyar cocinmu, ta riga ta faɗa masa cikin ladabi cewa kabarin can mutum uku yake ci, suna uku ne a dutse, to ya cika. Kuma ko da wuri, sai ya kawo takardar da ta nuna jininsu ne shi. In ba haka ba, sai sabuwar maƙabarta ta bayan babban kanti.

"In kwanta can ina jin ana tura kekunan cefane har tashin ƙiyama?" in ji shi.

Fatansa ya rataya ne a kan wata magana da goggonsa ta taɓa yi yana yaro, wai biyu kawai teku ta dawo da su. In haka ne, akwai wurin mutum ɗaya. Shi kuwa Idwal, jikan masu jirgi, ko idon sawunsa bai taɓa shiga teku ba. Uwarsa ce ta sa shi ya yi alkawari, ya kuma riƙe, bai yi aure ba balle wata ta zuga shi ya karya.

Talata uku muka yi muna zuwa ɗakin adana tarihi na gunduma. Ma'aikaciyar wurin, Mis Tegwen, ta ƙwace birona tun a ƙofa, ta ba ni fensir, ta kuma sa na tofar da alewa a kwandon shara kamar ɗan firamare. Idwal kuwa, ta kawo masa matashi don bayansa.

Maganar jini ba ta ba mu wahala ba. A rijistar baftisma muka ga Ifan, Maris 1884, ɗan Gwen, matar marigayi Tudur, watau an haife shi wata huɗu bayan nitsewar jirgin. A ƙidayar 1891 ga shi ɗan shekara bakwai a gida mai lamba tara, gidan da Idwal ke ciki har yau. Ifan ya haifi mahaifin Idwal. Tsohon ya ɗora yatsa kusa da sunan, bai taɓa takardar ba don Mis Tegwen na kallo, ya ce ya tuna warin tabar mutumin nan.

A Talata ta biyu aka fito da rijistar binne matattu, wani jibgegen littafi da aka kwantar a kan soso. Muka buɗe Nuwamba 1883. Wata tsohuwa, wani jariri, wani maƙeri. Babu Prydderch. Muka bi Disamba, muka bi Janairu, muka cinye shekara guda. Na ce ko limamin lokacin ya manta. Mis Tegwen ta dube ni ta saman tabarau, ta ce limamin da ya rubuta ranar da akuya ta shiga coci ba zai manta kyaftin ba. Ta kawo jerin ma'aikatan jirgin, Morwennol, wanda ya tashi da allunan dutse na rufin ɗaki zuwa Hamburg. Mutum shida, kuma a gaban kowane suna magana ɗaya da jan tawada: ya nitse.

A Talata ta uku ne ta tono wani ƙaramin littafi mai baƙar fata, na mai haƙar kabarin cocin a wancan zamani, wanda jikokinsa suka kawo ajiya. Rubutun kamar kaza ta yi tono. Idwal ne ya karanta, don ya saba da mummunan rubutu a bayan ambulan.

"Na Gwen Prydderch. An haƙa don uku, an shimfiɗa dutse, an rufe. Babu kowa. Ta ce a bar shi a shirye."

Can gaba, a 1921, wani hannun daban ya ƙara layi biyu. An binne Gwen a kabarin mahaifinta, bisa wasiyyarta, don kada ta tare musu wuri.

Ni mutum ne da ko a wurin jana'iza tunanin abinci nake yi, amma ranar na manta da cikina. Mace da tsohon ciki ta sa an haƙa rami, an gyara, an sassaƙa sunaye, sannan ta zauna shekara talatin da takwas tana duban ruwa. Da ta tashi tafiya kuma ta raɓa gefe, ko za su zo bayanta.

A mota Idwal ya kwance burodi mai zabibi da ya shafa wa man shanu, ya ba ni, shi bai ci ba.

"Shekara saba'in ina yanke ciyawar wurin nan," ya ce. "Duk Lahadi ina ba su labarin wanda ya mutu da wanda ya ci wasa. Ashe da tsutsotsi nake hira."

Na ce masa, tunda waɗanda yake so ya kwanta kusa da su ba sa nan, ko zai haƙura da bayan kanti, aƙalla can akwai mutanen da ya sani. Ya ce ai saninsu ne ya sa ba ya so.

"An gyara shimfiɗa shekara ɗari da arba'in, Emlyn, ba wanda ya kwanta. Rashin kunya ne namijin gidan ya wuce ta."

Rabaran Nesta ta karanta takardun sau biyu a tsaye, ta zauna ta karanta na uku. Ta ce doka ta buƙaci a gwada, don haka ta kira Penri, mai haƙar kabarinmu na yanzu. Idwal bai iya hawa tsaunin ba, na kai motar har bakin katanga na sauke gilashi. Penri ya kafa doguwar sandar ƙarfe a tsakiyar kabarin ya danna. Ƙarfen ya yi ta shiga, ya yi ta shiga, har hannun Penri ya kusa taɓa ciyawa, sannan muka ji ƙas, ya taɓa dutse. Penri ya cire hula. Daga mota Idwal ya tambaya ko an same su a gida.

Bayan haka aka ba shi izini, jikinsa kuwa ya yi saurin rikicewa, kamar takardar izinin kawai yake jira. Muka sauko da gadonsa falo, kusa da taga. Matan layi suka yi ta kawo romon rago da dankali har tukwane suka rasa wurin zama, ni kuwa na yi ta taimaka masa da ci, har ya ce shi ke ciwo amma ni ke murmurewa. Ya sa na rubuta sunaye daga Tudur zuwa shi a bangon Littafi Mai Tsarki na gidan, ya duba, ya ce rubutuna ya fi na mai haƙar kabari muni.

Ranar Laraba da safe, tsakiyar Mayu, ina zaune gefensa motar gidan waya ta tsaya a layin. Ya buɗe ido ya tambayi lokaci. Na ce sha ɗaya saura kwata. Ya yi tsaki, ya ce a zamaninsa da tuni an gama an sha shayi. Ya rufe ido. Na ci gaba da karanta masa jarida har shafin wasanni kafin na lura ni kaɗai nake ji.

Ranar jana'iza Penri ya kira ni gefe tun kafin a iso da akwatin, ya ce in leƙa. A ƙasan ramin ga allunan dutse shimfiɗe, baki da baki, babu tsaga, har da alamar kurfin wanda ya sassaƙa su. Tas, kamar jiya aka share. Garin ya hau tsaunin kusan kaf, don babu gidan da Idwal bai taɓa kai wa albishir ko mummunan labari ba. Tsofaffin maza suka ɗauki waƙar coci murya huɗu, ba takarda, iska na kwashe ta zuwa ruwa. Akwatin ya sauka ya zauna a kan dutsen Gwen daidai, ko gyara ba a yi ba.

Jama'a suka gangara shan shayi, na tsaya tare da Penri yana mayar da ƙasa. Ya nuna gaba da shebur, ya ce lokacin da mahaifinsa ke wannan aiki akwai layin kaburbura biyu tsakanin nan da bakin tsaunin. Na duba, ciyawa ce kawai, sai inda ƙasa ta yanke, ruwa na bugawa a ƙasa. Na taka na ƙirga. Daga kan Idwal zuwa baki taku goma sha ɗaya ne. Penri ya ce teku tana cin taku ɗaya duk shekara.