Harsashin Kwazazzabon Kande

Buhu arba'in na albasa Maniru ya tara a rudu, rumbun ajiyarta, ga damina ta kawo kai, wasu ma har sun fara fito da koren tsiro. Dillalinsa ya aiko daga Bodinga cewa babbar motar ƙarshe za ta tashi ranar Alhamis da azahar, wanda bai kawo kaya ba sai ya yi miya da abinsa.

Tsakanin ƙauyensu Maniru da titin Bodinga kuwa akwai Kwazazzabon Kande. Mutum yana gangarawa da ƙafa ya hau, amma amalanke ko kusa. Shekara huɗu ke nan da aka ce an ware kuɗin kwalbati, aka kafa kwamitin mutum takwas. Huɗu na Honorabul Ɗanladi ne na ɓangaren Bodinga, huɗu na Hajiya Jummai ta ɓangaren Shagari, kuma jam'iyyarsu ba ɗaya ba. Shi ya ce daga gaɓarsa za a fara aiki, ita ta ce sai dai daga tata. Duk zaman da aka yi, huɗu da huɗu ake tashi, a ci shinkafa a watse.

Abu ɗaya ne ba su taɓa gajiya da shi ba: aza harsashi. Kowace shekara kowa zai zo da rumfa da makaɗa, a gina ɗan tudun bulo, a manna allo mai sunansa, a tafa. Gaɓa biyun nan sun cika da harsashi har awaki sun samu wurin shan inuwa.

Ran Lahadi Maniru yana zaune ya yi tagumi, matarsa Hussaina ta ajiye masa fura ta ce, "Malam, ni dai na duba. Bulon da sunka jibge can ya kusa cika ramin. Kaɗan ya rage."

"To mi za mu yi?"

"Ka tai ka hwaɗa ma Honorabul na Hajiya ya hi nashi tsawo."

Maniru ba gwanin ƙarya ba ne, gumi yake yi idan zai yi ta. Amma albasa albasa ce. Ya sa babbar riga ya tafi, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo.

"Ranka shi daɗe, mu talakawanka kunya muka ji. Harsashin Hajiya na bana, in ka tsaya bayanshi ba a ganin naka."

Honorabul ya ajiye kofin shayi. "Ba a ganin nawa?"

"Ko allon, ranka shi daɗe."

Washegari tifa biyu ta duwatsu ta sauka a gaɓar Bodinga. Maniru ya wuce wurin Hajiya Jummai da labarin, wannan karon kam ba sai ya yi ƙarya ba. Ta aiko da tifa uku, ta ƙara da jar ƙasa.

Ranar Laraba mutanen ƙauye suka fito da tsakar rana da diga da shebur. Suka ture harsashin shekara huɗu cikin rami, suka bi da duwatsu, suka shimfiɗa jar ƙasa suka daddaɓe. Kafin la'asar hanya ta haɗu. Maniru ya yi ta kai da komo a kanta don daɗi, har da ɗan tsalle.

Da hantsin Alhamis ya ɗaure jakinsa a amalanke, maƙwabta suka ara masa nasu uku, suka doshi kwazazzabo. Me zai gani? Rumfuna biyu, makaɗa kashi biyu, da ƙyallen buɗe hanya guda biyu an gitta, kore da ja. Honorabul na riƙe da almakashi, Hajiya na riƙe da nata.

"Duwatsuna na ƙasa, su ka riƙe da hanyar!" in ji Honorabul.

"Ƙasata ta sama, ita mutane ka takawa!" in ji Hajiya.

'Yan kwamiti suka koma gefe suka kaɗa ƙuri'a kan wa zai fara yankawa. Huɗu da huɗu. Aka ce babu mai wucewa sai an warware, aka kawo shinkafa.

Inuwa ta yi ta gajarta. Maniru ya dubi rana, ya dubi buhunansa, ransa ya ɓaci har idonsa ya kawo ruwa, don noman shekara guda ne a kan amalanken nan. Ya roƙi wannan, ya roƙi waccan, kowa ya ce ya yi haƙuri, ai don talaka ake yi.

Ashe Hussaina ta biyo su. Ta ɗauki kwanon dusa a ka, ta sunkuya ta ƙarƙashin ƙyallayen kamar mai kai wa baƙi ruwa, ta tsallaka gaɓar Bodinga. Can ta tsaya ta ƙwanƙwasa kwanon sau uku.

Jakin Maniru, wanda bulala ba ta taɓa sa shi sauri ba, ya ɗaga kunne ya zabura. Ya yi gaba da kore, ya haɗa da ja, ya ja ƙafar rumfa guda, sauran jakunan suka rufa masa baya. Makaɗa suka ɗauka an buɗe hanya, suka saki kiɗa.

Ana kiran azahar buhu na ƙarshe ya hau mota, Hussaina ta juya gida don ɗora girki.

Da la'asar Maniru ya dawo yana waƙa, sai ya tarar da leburori cikin rami. Honorabul ya ce tunda an raina shi a tono masa duwatsunsa, Hajiya ta ce a kwashe mata ƙasarta kada a ɓata ta. Kwazazzabo ya koma yadda yake, har ya ɗan ƙara zurfi, ga amalanke huɗu a gaɓar da ba tasu ba.

Hussaina ta leƙo daga can tsallake ta ɗaga murya. "Malam, an ce ran Assabar za su aza sabon harsashi!"

"To ni da jakkan mutane fa?"

"Ka tsaya nan, ai kai ka kusa da Honorabul. Ka hwaɗa mai na Hajiya ya hi nashi tsawo."