Dutsen Gonar Iorchia

Iorchia manomin doya ne a Agyaragu. Wata rana yana huɗa, garmarsa ta tono wani farin dutse mai nauyin da ya fi ƙarfin girmansa. Ya tsaya yana jujjuya shi. Ya taɓa ganin yadda masu haƙa suka mai da gonakin wani ƙauye ramuka, ga shi gonar nan ta gado ce.

Ya naɗe dutsen a buhu, ya nufi Lafiya wurin Alhaji Ashemi, tsohon amininsa da ke sayen doyarsa. Ya tarar 'yar Alhajin, Khadijat, wadda ta yi ilimin duwatsu a jami'a, tana gida.

Ta ɗan kankare shi da wuƙa. "Baba, ma'adini ne. Masu haƙar mai suna amfani da irinsa."

"Ni wannan kalma nake tsoro, 'yata," in ji Iorchia. "Duk inda aka faɗe ta, sai ka ga manyan motoci."

Alhaji ya yi dariya ya tura masa kwanon fura. "Kalmar ba ta da laifi. Larabci ce. Tushenta zama ne, abu ya tabbata a wuri ɗaya. Ma'adini shi ne mazaunin abu a cikin ƙasa. Daga tushen nan sunan Aljannar Adnin ya fito."

"Adnin? Ai mu ma muna faɗinsa a coci!"

Khadijat ta ce a wajen aikinsu ba kowane dutse mai ƙarfe ko sinadari ake kula wa ba, sai wanda ya taru da yawa har haƙarsa za ta biya wahala. Don haka, in ji ta, sai ta ga wurin da idonta tukuna.

Ranar Asabar suka je. Ta bi kunya-kunya, ta sa aka yi tono nan da can, ta sauka bakin rafi ta duba gaɓarsa. Da ta dawo, takalmanta sun yi kaca-kaca da laka.

"'Yar siririyar jijiyar ma'adini ce, Baba, ba ta ko kai ƙarshen gonar ba. Ba wanda zai kawo mota saboda ita."

Iorchia ya zauna a kan kunya ya saki ajiyar zuciya, sai kuma dariya ta ƙwace masa. Ya ƙwala wa matarsa Iveren kira ta ɗora sakwara. Alhaji kuwa tuni ya tattare babbar rigarsa, yana zagaya gonar yana nuna kunyoyin da yake so a ajiye masa in kaka ta yi.