Wankan Mero

"To, a ɗaga hannu," na ce. "Wa ya yarda a dakatar da Mero?"

Muna zaune a falona, mu 'yan kwamitin amintattu na ƙungiyarmu ta jinyar marasa galihu. Latifa sakatariya ta fara ɗaga nata ke nan sai ga Salma, ɗiyar Mero, ta faɗo ba ko sallama.

"Hajiya, Inna ta faɗi bakin murhu."

Laifin Mero ba ɓoyayye ba ne. Dokarmu ta ce 'yar sa-kai ba ta ɗaukar majinyaci sai kwamiti ya amince. Ita kuwa maƙwabciyar tawa, in ta tsinci mace yashe a bakin asibiti, daga Tozai ta fito ko daga ƙetaren iyaka, sai ta jawo ta gida, ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata kunu. Mu sai dai mu ji a gari.

Ni na kafa ƙungiyar nan. Ni na yi ta zarya Sakkwato har aka yi mana rajista, ni na sa aka ɗinka mana hijabai masu tambari. Amma shiga kasuwar Illela ka tambaya, "ƙungiyar Mero" za a ce maka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi abin yana ci mini rai.

Ba a ƙarasa ƙuri'ar ba. Aka kai Mero asibiti, likita ya ce zuciya ce, bayan kwana biyu aka maido ta gida.

Gidan ya cika ya batse. Matan Garu, matan Ƙonni, Fulani da ƙoren nono, kowace da labarin yadda Mero ta kwana a kanta. Ni da na zo da farfesun kaza a kula, wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ke ma ta yi jinyarki?" Na ajiye kular a gefe.

Abu ɗaya na ƙudurta. A unguwarmu, mace in ta cika, wadda ta fi kusa da ita ce ke yi mata wanka. Tun muna amare muke tare da Mero, a gabana ta haifi Salma. Wannan kam ba mai ƙwace mini shi, kuma duk matan nan za su gani da idonsu.

Ranar Laraba da la'asar Mero ta yafito ni. Tasalla na zaune a ƙafafunta tana matsa mata, wata mai tallan nono daga Araba wadda Mero ta jawo cikin aikinmu. Ko taro ɗaya ba ta taɓa zuwa ba.

"Hajiya Iklima," in ji Mero, muryarta can ƙasa, "in ta Allah ta kasance, Tasalla ta yi min wanka."

"Tasalla? Ni mi na yi miki, Mero?"

"Ba ki yi min komi ba. Ba ki taɓa yi wa gawa wanka ba ne. Ni da ita mun wanke waɗanda ba su da kowa, ta san hannuna, na san nata. Ke ki tarbi baƙi, ke kin iya magana da manya." Ta ɗan murmusa. "Ko sai kwamiti ya zauna?"

Matan ɗakin suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni ma na yi, amma kishi ya hana ni kallon Tasalla.

Washegari bayan azahar Allah Ya yi wa Mero rasuwa.

Aka kawo mini kujerar roba, aka ajiye a inuwar darbejiya, sauran mata duk a tabarma. Ina amsa gaisuwa, "Allah Ya jiƙanta," "Amin, amin," kunnena kuwa yana ɗakin da aka saki wa labule. Ina jin ƙarar moɗa a bokiti, ina jin ƙanshin ganyen magarya. Sai a lokacin ya zo mini cewa gobe ba mai leƙo ni ta katanga ta ce, "Hajiya, an tashi lafiya?"

Na miƙe na bar kujerar. Na je randa na cika bokiti, na tsaya da shi a bakin ƙofa, ruwan yana zuba a takalmina.

"A miƙo ruwa," in ji Tasalla daga ciki.

Hannunta ya fito ta gefen labule, a jiƙe har gwiwa. Ta karɓi bokitin ba ta leƙo ta ga mai miƙowa ba, labulen ya koma yadda yake.