Rigunan Gudu a Baibai

Malama A'a ta tsaya a ƙofar motar makaranta, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya a ƙugu, ta ce babu yaron da zai shiga.

Malamai ne suka laƙaba mata sunan, domin a taro idan kowa ya gyaɗa kai ita sai ta ɗaga hannu. Ita ce sabuwar malamar kwamfuta, har yanzu a gwaji take. Takardar tabbatar da ita a aiki tana kan teburin Shugaban makaranta tana jiran sa hannunsa, kuma kowa ya san haka, har direba.

Direban ya leƙo ya ce, "Malama, mai nake ƙonawa fa."

"Kashe ta mana."

Yara sun yi layi cikin sababbin riguna shuɗaye, za su gasar gudu ta makarantun gwamnati. A gaban riga sunan makaranta ne. A baya kuwa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, da farin fenti, lambar shaidar ɗan ƙasa ce ta kowane yaro.

Dabarar Shugaba ce. Bara da aka raba riguna rabi suka yi ƙafa, sauran aka yi ta jayayya a kansu. Suna ba ya raba gardama, tunda a aji ɗaya sai ka tarar da huɗu suna amsa kira ɗaya. Lamba kuwa ba ta da takwara. Sai ya sa aka kwaso lambobin yaran aka kai wa mai buga riguna, ya kuma ɓoye abin don ya ba kowa mamaki.

Malamin wasanni ya matso da usur a wuya. "Ƙanwata, ki rufa wa kanki asiri. Mutumin nan jiya har rawa ya taka da rigunan suka iso."

"Yaya, filin can cike yake da masu waya."

"To, sai me? Lamba ce, ba tsiraici ba."

Ta san lamba. Wani da ba su taɓa gani ba ya buɗe layin waya da lambar mahaifiyarta ya damfari mutane, 'yan sanda suka zo har gida. Ita ta riƙa jan Mama daga wannan ofis zuwa wancan, su wuni a benci a ce su dawo gobe, Mama tana dafa gwiwa. Sai da damina ta zagayo kafin a yarda tsohuwar da ba ta iya tura saƙo ba, ba ita ce ɓarauniyar ba. Ko sau ɗaya Malama ba ta yi kuka a gaban ma'aikatan ba. Ta dai koyi tsayuwa a bakin ƙofa.

Sai ga Shugaba ya fito, shi ma cikin rigar, ta ɗame masa ciki. Ya sa an buga masa tasa, don a cewarsa babba shi ke fara ba da misali.

"Me ake jira?"

"Ni ake jira, Yallaɓai. Yaran nan ba za su fita da lambobinsu a baya ba."

"'Yata, kin san shekara nawa na yi a aikin nan?"

"Sun fi nawa na haihuwa, Yallaɓai."

"To. Kuma kin san abin da ke kan teburina."

"Na sani."

Yaran suka yi tsit, irin tsit ɗin masu jin daɗi. Ta saki ƙarfen, ta zagaya bayansa a natse, ta ɗaga waya. Ƙyas.

"Me kika yi?"

"Hoto, Yallaɓai. Ya fito tas. Irinsa za a yi ta ɗauka yau, a watsa inda ba mu sani ba." Ta fara karanta lambarsa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran suna a aji.

"Ke, dakata." Ya kai hannu baya yana juyawa kamar mai neman inda sauro ya cije shi. "Wa ya ce ki karanta?"

"Ai don a karanta aka rubuta. Sunanka kowa ya sani, ga lamba, ga fuska. Ni dai ba zan yi komai da su ba. Wani ne ban sani ba."

Shugaba ya ja da baya har ya jingina da mota. Ya share zufa. "To, yanzu tsirara za su yi gudun?"

Ta karɓi wata rarar riga a hannun malamin wasanni, ta juya ta, ta ɗaga wa rana. Shuɗin mai duhu ne, babu abin da ya bayyana. "A sa su a baibai."

"Sunan makaranta fa?"

"Idan suka ci, mai sanarwa zai faɗe shi."

Wata doguwar yarinya da ake kira Barewa, wadda duk makarantar ita aka sa wa rai, ta turo baki. "Malama, dariya za a yi mana. Ɗinki a waje kamar mahaukata."

"Wanda ya ga ɗinkin bayanki ai a baya yake. Ki bar shi ya yi dariyarsa."

Barewa ta yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya ƙi.

Shugaba ya shige ofis. Aka ji ƙarar labule. Da ya fito rigarsa a baibai take, 'yar takardar wuya tana lilo a ƙeyarsa. Ya gyara murya.

"Bayan dogon nazari, na yanke shawara kowa ya juya rigarsa. Lambar mutum sirrinsa ce. Na sha faɗa muku."

Yara suka watse da gudu, maza aji ɗaya, mata wani. Malamin wasanni ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Kada ki kuskura ki goge hoton nan. Ki riƙe shi, yau ɗin nan zai sa miki hannu. Allah ne ya kashe, ya ba ki."

Da aka gama shiga, Shugaba ya tsaya a gabanta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Malama, hoton nan."

Ta dubi wayar. Sa hannu ɗaya, a daina kiranta 'yar gwaji, ta kai wa Mama labari. Ga malamin wasanni ta taga yana girgiza mata kai kamar zai cire.

Ta juya wayar yadda Shugaba zai gani, ta goge. Ta shiga inda gogaggun hotuna ke taruwa, can ma ta goge.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai a ce wa mai buga riguna shi ma ya goge lambobin da ke wurinsa."

Shugaba ya dube ta, kamar yana jiran sauran magana. Babu saura. Sai ya sake turo ƙirji kamar da.

"Maganar takardarki kuwa, sai na yi nazari. Kina da taurin kai."

"A yi nazari a tsanake, Yallaɓai."

Ya hau mota ya zauna a kujerar gaba, wadda aka tanadar mata. Malamin wasanni ya yi tsaki ya kawar da kai. Babu sauran wuri, don haka ta wuce can ƙarshe ta kama ƙarfe ta tsaya. Mota ta tashi. Daga inda take tana ganin bayan kowa, layi-layi, ɗinki a waje, babu abin karantawa.